Joko

Sau biyu aka fasa min rumfa a Mayil Tuwel.
Buhu tara na albasa 'yar Aliero,
da sikelin da na gada a wurin kawu.
Na ce wa Hansatu, kwaɗo da sakata sun gaza,
gobe zan fita neman kare.

Ta ce, miyaunsa fa? Tukwanena fa?
Na ce, Malam Ilu ya ce na tsaro ba laifi,
wanki bakwai bai taɓa kashe kowa ba,
kuma can bakin rumfa za a ɗaure.

A cunkoson Ojota wani yaro
ya cuso kwikwiyo ta tagar danfo.
Ɗan Jamus ne, Alhaji, jinin sarauta!
Na shafa bayansa, tafina ya dawo baƙi
yana warin man goge takalmi.
Na ce, ina uwarsa?
Ya ce ta yi tafiya.
Kafin in sake tambaya ya tsere.

Sai aka kwatanta min wata mata a Ikorodu,
Madam Adunni, mai tabarau a tsinin hanci.
Ta nuna min uwa, ta nuna min uba,
katin allura, da takardar asali
har kaka na huɗu,
ni da ban san sunan kakan babana ba.
Ta ce ba ta raba ɗa da nono kafin mako takwas.
Sannan ta juyo kaina:
Ina zai kwana? Akwai inuwa?
Wa zai ba shi ruwa ranar da ka tafi gida sallah?
Ko dangin Hansatu ba su titsiye ni haka ba
ran da na je neman aure.

Da ta faɗi kuɗin, na cire hula na sosa ƙeya.
Ba ta yi dariya ba.
Ta yage takarda ta rubuta wani suna:
Ikenna, hanyar Badagry,
mai tara waɗanda aka zubar aka kore.

Can na same shi a kejin ƙarshe.
Shekara bakwai, furfura a haɓa,
ƙafar baya tana ɗan ja.
Masu shi sun hau jirgi sun bar ƙasar,
suka bar shi a gindin famfo
da takardun asalinsa cikin leda,
kwana huɗu a ɗaure.

Na ce, zauna. Ya dube ni.
Na ce, zo. Ya dubi bango.
Ikenna ya ce, Yarbanci yake ji, ka ce joko.
Na ce, joko.
Ya zauna a kan takalmina.
Shekara ashirin da biyu ke nan,
ran da na sauko daga motar kaya a Ikko
da buhun tufafi da yunwa,
kalmar da wata mai tuwo ta fara ce min ke nan,
ta turo min benci.
Na juya kai, na ce ƙura ce,
na sa hannun riga na share.

Na sa hannu a takarda:
in na gaza in maido shi,
ba sayarwa, ba yasarwa.
Ikenna ya ce zai leƙo bayan wata guda,
ya kuwa zo, har da buɗe masa baki.

Yau wata biyar.
Ɓarawo bai dawo ba, ban san ko don shi ne ba,
barcinsa ya fi haushinsa yawa,
janareto kawai yake wa faɗa.
Hansatu har yanzu ba ta taɓa shi ba,
amma jiya na gan ta tana ƙulle ƙashi a leda.
In kasuwa ta watse, na ja ƙofa,
nakan ce joko,
mu zauna mu biyu muna jin warin albasa
har dare.